Tasowar Yaro Baƙar Fata a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da wani bidiyo ya fito na ɗan sandan Amurka da wani matashi baƙar fata, tambayoyin da ake yi a majalisunmu kusan iri ɗaya ne. Wasu tausayi ne ke kawo su, wasu kuma zargi ne aka lulluɓe da tambaya. Dukkansu sun cancanci amsa, har da masu ɗacin. Ƙuruciya a ko'ina ba ta rabuwa da kuskure, amma a Amurka abin da yaro zai biya a kan kuskurensa ya danganta ƙwarai da launin fatarsa da kuma unguwar da ya tashi. A kan wannan ne yawancin amsoshin da ke ƙasa suka tsaya.

Ba an soke wariyar launin fata tun zamanin Martin Luther King ba?

An soke ta a doka, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin sai da aka zubar da jini kafin a kai ga haka. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. A 1964 aka yi dokar 'yancin jama'a, a 1965 aka yi ta kare haƙƙin zaɓe, a 1968 kuma aka hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya.

Amma a yi lissafin shekaru. Daga 1619, lokacin da aka sauke bayin farko daga Afirka a Bajiniya (Virginia), zuwa 1865 da aka haramta bauta, shekara 246 ke nan. Aka sake kwashe shekara 100 ana wariya da izinin doka. Abin da ya biyo baya bai fi shekara 60 da ɗoriya ba. Ruby Bridges, yarinya baƙar fata, tana da shekara shida a 1960 lokacin da jami'an tsaron tarayya huɗu suka raka ta makarantar firamare a New Orleans, manyan mutane sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna zaginta. Iyaye farare suka janye 'ya'yansu, malama ɗaya ce ta yarda ta koyar da ita, Ruby ta yi shekara guda ita kaɗai a aji. An haifi Ruby a 1954. Sa'ar kakannin matasan yau ce.

To ta ina abin da ya wuce yake taɓa yaron da aka haifa yanzu?

Ta gida da unguwa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar.

A shekarun 1930, bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, gwamnatin tarayya ta shiga harkar rancen sayen gida. Wata hukumarta ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwanni launi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Ja na nufin haɗari ga mai ba da rance, kuma kusan duk inda baƙaƙen fata ke zaune ja aka shafa masa. Hukumar da ke tsaya wa bankuna lamuni, wadda aka kafa a 1934, ita ma ta juya wa irin waɗannan unguwanni baya, ta zuba ƙarfinta a sababbin unguwannin bayan gari waɗanda a rubuce aka hana sayar wa baƙar fata gida a cikinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ba tsofaffin sojoji rancen gida da kuɗin karatu ƙarƙashin dokar 1944, amma da yake bankuna da jami'an yankuna ne ke rabawa, sojoji baƙaƙe da dama sun dawo daga fagen fama aka ce musu babu.

Wanda banki ya ƙi shi, dillali ke jiransa. A Shikago, a shekarun 1950 da 1960, dillali zai sayi gida da arha ya sayar wa iyali baƙar fata a ninkin kuɗin, bisa yarjejeniyar biya wata-wata. Takardar gida tana hannun dillali har sai an biya sisin ƙarshe. Ka kasa biyan wata ɗaya, a fitar da kayanka waje, duk abin da ka zuba shekara da shekaru ya bi ruwa, a kawo wani iyali a maimaita.

Gida shi ne babbar dukiyar talakan Amurka da mai matsakaicin hali, shi ake gada. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa idan aka jera iyalai farare daga mafi talauci zuwa mafi arziki, wanda ya faɗo a tsakiya yana da dukiyar kusan dala 285,000. Takwaransa baƙar fata yana da kusan dala 45,000. Wannan ba albashi ba ne, abin da aka tara ne bayan an cire bashi. Kamar rumbu yake: mai rumbu cike, farin shekara ɗaya ba ya tayar da shi daga gari. Matashin da gidansu ke da ajiya, in ya faɗi jarrabawa zai sake, in an kama shi za a yi belinsa a ɗaukar masa lauya, in ya rasa aiki zai koma ɗakinsa na gida. Wanda ba su da ita, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya karkatar da rayuwarsa gaba ɗaya.

Makarantun gwamnati ba kyauta ba ne ga kowa?

Kyauta ne, amma yaro makarantar unguwarsu yake zuwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Inda gidaje ke da tsada makaranta na da ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai. Inda aka taɓa shafa wa ja, sabon malami ne ke zuwa, ya yi shekara biyu ya nemi canji. Jihohi da gwamnatin tarayya suna ƙara wa makarantun talakawa kuɗi, a wasu jihohin ma sun cike giɓin a takarda, sai dai makarantar da yawancin ɗalibanta ke zuwa da yunwa da damuwar gida tana buƙatar fiye da daidai.

Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli guda biyu ne suka ɗaure lamarin. A 1973, a ƙarar da iyaye 'yan asalin Meziko suka shigar daga San Antonio, kotun ta ce tsarin mulkin tarayya bai hana wannan tsarin haraji ba. A 1974, a shari'ar Detroit, ta ce ba za a tilasta wa unguwannin bayan gari su haɗa ɗalibansu da na cikin birni ba. Tun da farare da yawa sun riga sun ƙaura bayan gari, sai iyakar gundumar makaranta ta ci gaba da aikin da dokar wariya ke yi a da.

Akwai kuma maganar horo, wadda ta fi ci mini rai. Alƙaluman da Ma'aikatar Ilimi ta fitar a 2014 sun nuna cewa yara baƙaƙe kashi 18 cikin 100 ne na 'yan rainon makarantun gwamnati, amma su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Yara 'yan shekara uku da huɗu ake magana. Me ɗan shekara huɗu zai yi da za a kore shi gida har sau biyu? A sakandare da yawa akwai ɗan sanda a harabar makaranta, saboda haka dambe a filin wasa, wanda a wata unguwar shugaban makaranta zai kira iyaye a sasanta, a nan yana iya ƙarewa da ankwa.

Me ya sa iyaye ke zaunar da 'ya'yansu su koya musu yadda za su yi da ɗan sanda?

Domin sun ga abin da ke faruwa da wanda ba a koya wa ba. Gidajen baƙaƙen fata da yawa suna da wannan zama, galibi idan yaro ya fara tsawo ko ya kusa karɓar lasisin tuƙi. Uwa ko uba za su ce masa: in an tsayar da kai, ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki. Ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Kada ka miƙa hannu aljihu sai ka faɗa, ka jira a ce maka to. Ko an zage ka kada ka ɗaga murya, ko kana da gaskiya kada ka yi gardama, kada ka gudu. Mu dai ka dawo gida da rai, in akwai ƙara sai a kai gobe. Likita yana yi wa ɗansa wannan huɗuba, direban bas ma yana yi.

Ba tsoron banza ba ne. A 2011 kaɗai, 'yan sandan birnin Niyok (New York) sun tare mutane a titi sau fiye da 685,000 don tambayoyi ko laluba. Kusan tara cikin goma an sallame su ba kamu ba sammaci. Mafi yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kusan rabinsu kuma 'yan shekara 14 zuwa 24. A 2013 wata alƙaliyar kotun tarayya, Shira Scheindlin, ta yanke cewa yadda ake gudanar da aikin ya saɓa wa tsarin mulki. A tuna da yaron da aka jingina da bango aka laluba shi a gaban ƙannensa a hanyar makaranta, ba sau ɗaya ba, kuma bai yi komai ba. Da wane ido zai kalli hukuma in ya girma?

Wani abin kuma shi ne ba a ganin yaron a matsayin yaro. Tamir Rice yana da shekara 12 a Nuwamba 2014, yana wasa da bindigar roba a wani filin shaƙatawa a Cleveland. Wanda ya kira 'yan sanda ya ce mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, mai riƙe da ita kuma mai yiwuwa yaro ne, amma ba a isar da wannan bayani ga jami'an ba. Cikin daƙiƙa biyu da tsayawar motarsu aka harbe shi. Da ake kai rahoto ta oba-oba, an ƙiyasta shekarunsa da 20. A shekarar ce masanin halayyar ɗan Adam Phillip Atiba Goff da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa mutane kan ƙara wa yara maza baƙaƙe kusan shekara huɗu da rabi idan an ce ana zarginsu da babban laifi.

Ai wanda bai yi laifi ba, kotu za ta wanke shi?

A duba abin da ya sami Kalief Browder. A Mayu 2010, yana da shekara 16, aka kama shi a Bronx, wani yanki na birnin Niyok, bisa zargin satar jakar goyo. Ya ce bai ɗauka ba. Aka sa belinsa dala 3,000, iyalinsa ba su iya biya ba, aka kai shi kurkukun tsibirin Rikers. Ya yi shekara uku a can ana ta ɗage shari'a, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici. An sha yi masa tayin ya amsa laifi a sassauta masa, har da tayin ya koma gida nan take, ya ƙi, ya ce ba zai amsa abin da bai yi ba. A 2013 aka janye tuhumar aka sake shi ba tare da an taɓa yin shari'ar ba. A Yuni 2015 ya kashe kansa a gidansu, yana da shekara 22.

Kalief ya fita daban ne saboda ya ƙi amsawa. Sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuka a Amurka ta hanyar amsa laifi ake yin su, ba ta zaman shari'a ba. Matashin da ba shi da kuɗin beli yana da zaɓi biyu: ya zauna a tsare ya rasa makaranta da aiki, ko ya amsa ya fita yau da tabon da zai bi shi duk inda ya nemi aiki ko haya.

Dokokin ƙwaya sun ƙara dagula lissafin. Dokar 1986 ta sa giram 5 na hodar iblis da aka dafa ta dunƙule, mai arha da ta yaɗu a unguwannin talakawa, daidai da giram 500 na garin hodar da masu hali suka fi sha. Dukkansu ɗaurin shekara biyar ne aƙalla. Sai a 2010 aka rage wannan rata daga 100 da 1 zuwa 18 da 1. Tabar wiwi kuwa, farare da baƙaƙe kusan daidai suke sha, amma shekaru da dama an fi kama baƙaƙe kusan ninki huɗu. Yau baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar, amma kusan ɗaya cikin uku na fursunoni. Adadin ya ragu sosai cikin shekara ashirin da suka wuce, wannan gaskiya ne kuma abin farin ciki ne, sai dai ratar tana nan.

Anya ba talauci ba ne kawai? Ai akwai farare talakawa.

Akwai su da yawa, miliyoyi, kuma suna shan wuya. Amma an gwada wannan tambaya, amsar ba ta tsaya a talauci ba.

A Milwaukee, masaniyar zamantakewa Devah Pager ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, ta wallafa sakamakon a 2003. Fari marar tabon laifi an kira shi a kashi 34 cikin 100 na wuraren. Fari da ya ce ya taɓa zaman gidan yari, kashi 17. Baƙi marar tabo ko kaɗan, kashi 14. Baƙi mai tabo, kashi 5. Wato farin da ya fito daga kurkuku ya ɗan ɗara baƙin da bai taɓa shiga ba. A Boston da Shikago kuma wasu masana tattalin arziki biyu sun aika takardun neman aiki kusan 5,000, suna canza suna kawai. Masu sunaye irin Emily da Greg sun fi masu sunaye irin Lakisha da Jamal samun kira da kashi 50 cikin 100.

A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi diddigin yara kusan miliyan 20 har girmansu. Suka gano cewa a kashi 99 cikin 100 na unguwannin ƙasar, yaro namiji baƙi yana tashi ya sami kuɗin shiga ƙasa da na fari, ko da samun iyayensu ɗaya ne. Ɗan attajiri baƙi ya fi ɗan attajiri fari saurin gangarowa ƙasa. Dukiyar uba ba ta sayen cikakkiyar kariya.

Amma ai su ma suna kashe junansu. Me ya sa ba a maganar wannan?

Ana yi, kuma su da kansu suka fi kowa yi, a coci, a masallaci, a wurin jana'iza. Kisan kai shi ne kan gaba wajen ɗauke ran samari baƙaƙe a Amurka, kuma yawanci wanda ya kashe shi ma baƙi ne. Haka abin yake ga farare, domin mutum wanda ke kusa da shi yake kashewa, amma yawan ya bambanta sosai, kuma ɓoye wannan ba taimako ba ne.

Abin tambaya shi ne yadda aka yi unguwannin suka zama haka. Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kusan miliyan shida suka baro jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya, suna neman aiki a masana'antun mota da ƙarfe. Ba su daɗe da samun gindin zama ba masana'antun suka fara rufewa ko ƙaura. Detroit tana da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950, a 2020 ba ta kai 640,000 ba. Aiki ya tafi, masu hali suka bi shi, haraji ya ragu, a shekarun 1980 ƙwaya ta shigo, bindiga kuwa a Amurka ba wuyar samu take ba.

Yanzu a ɗauki ɗan shekara 14 da zai ratsa layuka uku kafin ya kai makaranta, kowane layi da 'yan dabarsa. Ba sai ya shiga ƙungiya ba, sunan layinsu kaɗai ya isa a ɗauke shi abokin gaba. In ya sunkuyar da kai a ce rago ne a riƙa tare shi kullum. In ya ɗaure fuska ya yi tafiyar masu ji da kai don ya tsira, malami da ɗan sanda su karanta wannan fuskar a matsayin barazana. Ya kuma san cewa kisa da yawa a unguwarsu ba a taɓa kama wanda ya yi ba, saboda haka ba ya sa ran hukuma ta kare shi. Masu harbin 'yan tsiraru ne ƙwarai, a 'yan layuka ƙalilan. Sauran yaran, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna tsakanin wuta biyu.

Ina iyayensu maza?

Kusan yara bakwai cikin goma na baƙaƙen fata ana haifarsu ne ba tare da iyayen suna da aure ba, kuma gidan da uwa ce kaɗai ke nema yana shan matsi. Amma rashin aure daban, rashin uba daban. Rahoton hukumar lafiya ta ƙasar na 2013 ya nuna cewa uba baƙi da ke zaune da 'ya'yansa ba ya ƙasa da kowa wajen yi musu wanka, ciyarwa da duba aikin makaranta, a wasu fannonin ma ya fi. Sannan a tambayi inda mazan da ba a gani suka tafi: kurkuku da kabari sun kwashi da yawa. Binciken Chetty ya nuna wani abu mai muhimmanci, cewa yara maza sun fi dacewa a unguwar da iyaye maza baƙaƙe suke da yawa, ko da mahaifin yaron kansa ba ya nan.

Gaskiya ne ana yi wa mai ƙoƙari a karatu gori cewa yana kwaikwayon farare?

Yana faruwa. Signithia Fordham da John Ogbu, wani masani ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, su suka yi fice da wannan bayani a 1986, kuma har yau masana na jayayya a kan girman tasirinsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne gajiyar zama mutum biyu. Yaron da ya sami shiga makarantar masu hali yana da harshe ɗaya na aji, wani na unguwa. A can shi kaɗai ne baƙi, duk abin da ya yi a ce haka suke. A gida kuma a ce ya canza.

Ƙwallon kwando da waƙa su ne ƙofofin da yaro ke ganin irinsa sun shiga sun fito da arziki, shi ya sa ake rububinsu. Amma ko cikin waɗanda suka kai ga buga wa jami'a wasa, waɗanda ke zama ƙwararru masu albashi ba su kai biyu cikin ɗari ba.

'Yan mata fa?

Nasu matsin ya sha bamban, kuma ba a cika ɗaukar bidiyonsa ba. Su ma ana ɗaukarsu sun girmi shekarunsu, ana kiransu masu tsiwa a inda za a kira wata mai ƙwazo, kuma ana dakatar da su daga makaranta ninkin-ba-ninkin 'yan mata farare. Gashi kaɗai ya isa fitina. An sha korar ɗalibai gida saboda kitso ko gashin da aka bari yadda Allah ya halicce shi, har sai da jihar Kalifoniya ta yi dokar hana hakan a 2019, wasu jihohi suka bi sahu. Tun a shekarun 1940 masana halayyar ɗan Adam Kenneth da Mamie Clark suka ajiye wa yara baƙaƙe 'yartsana fara da baƙa, yawancinsu suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Mu da man bilicin ya cika kasuwanninmu bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Duk da haka mata sun yi wa maza nisa a karatu: kusan biyu cikin uku na digirin farko da baƙaƙen fata ke samu mata ne ke karɓa. Sai dai suna fita da bashin karatu mai nauyi, tun da gida babu ajiya. In sun zo haihuwa kuma, haɗarin mutuwarsu ya kai kusan ninki uku na mata farare, kuma digiri bai share wannan rata ba.

'Yan Najeriya da 'yan Gana suna zuwa su yi fice. Wannan bai nuna lalaci ne ke damun 'yan can ba?

Wannan magana na yawo a bakin mutanenmu, kuma zalunci ce. Gaskiya ne fiye da rabin manyan 'yan Najeriya da ke Amurka suna da digiri, abin da ya ɗara na 'yan ƙasar gaba ɗaya. Amma wa ke samun biza? Wanda ya gama jami'a, ya iya Turanci, danginsa suka iya haɗa kuɗin jirgi da na makaranta. An tace mutane ne aka ɗebi na sama. Kwatanta su da al'umma sukutum, mai ƙarfinta da mai rauninta, ba adalci ba ne. Wanda ya zo da girmansa kuma ya tashi ne a inda shugaban ƙasa, likita da alƙali duk baƙaƙe ne, ba a taɓa sa shi shakkar kansa yana ɗan shekara huɗu ba. Ogbu da kansa ya bambanta waɗanda suka zo da ƙafarsu da waɗanda aka kawo kakanninsu a ɗaure.

Kada kuma a manta cewa dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka da Asiya ƙofa, a guguwar gwagwarmayar baƙaƙen Amurka aka yi ta. Su aka saka wa karnuka, aka fesa wa 'ya'yansu ruwa a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, mu muka shiga ta ƙofar.

Titi kuwa ba ya tambayar fasfo. Amadou Diallo ɗan Gini ne, mai shekara 23, yana tallan kaya a Niyok. A Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tare shi a ƙofar gidansu a Bronx, ya zaro walat ɗinsa, suka harba harsashi 41, 19 suka same shi. Kotu ta wanke su duka a 2000.

Akwai abin da aka gwada ya yi aiki?

Akwai, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi cewa matsalar ba a jinin yaran take ba. Daga 1994 gwamnati ta ba wasu iyalai talakawa a birane biyar, ta hanyar ƙuri'a, tallafin haya don su koma unguwanni masu sauƙin talauci. Yaran da suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kuɗi fiye da takwarorinsu da kusan kashi 31 cikin 100. A Shikago, aikin hutu na mako takwas da aka ba 'yan sakandare a 2012 ya rage kamun su a kan laifukan tashin hankali da kashi 43 cikin 100 a wata 16 da suka biyo baya. Aikin mako takwas kacal. An kuma gano cewa yaro baƙi da ya sami malami baƙi ko ɗaya a firamare ya fi yiwuwar kammala sakandare.

Jami'o'in da aka kafa don baƙaƙen fata tun zamanin wariya, kusan 100, har yau suna yaye likitoci, lauyoyi da injiniyoyi fiye da girmansu. Martin Luther King a Morehouse ya yi karatu, Kamala Harris a Howard. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun zauna a Jami'ar Lincoln, ita ma ɗaya daga cikinsu.

Wata ƙofa kuma ta rufe. A Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. A jami'ar MIT, kason sababbin ɗalibai baƙaƙe ya faɗo daga kusan kashi 13 zuwa kashi 5 a ɗaukar da ta biyo baya.

Ɗana ya sami gurbin karatu a can. Me zan gaya masa?

Ki gaya masa ya tafi da ƙwarin gwiwa, domin dubban irinsa suna zuwa su gama lafiya. Ya nemi baƙaƙen ƙasar da zumunci, kada ya shiga sahun masu raina su. Kusan ɗaya cikin biyar na Musulmin Amurka baƙaƙen fata ne, zai same su a sahun Juma'a, kuma sun fi shi sanin garin.

Sannan ya ajiye wasu ɗabi'un gida. A nan direba kan fito daga mota ya nufi ɗan sanda da gaisuwa, hannu na laluben takardu a aljihu. A can wannan ladabin yana iya jawo harbi. Ya zauna a mota, hannu a sitiyari, ya jira. In an kama shi, yana da haƙƙin yin shiru da haƙƙin neman lauya, ya faɗi haka a fili cikin natsuwa, ya kuma nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Ya nisanci wiwi ko da jihar da yake ta halatta, domin dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma ita ke riƙe da bizarsa. Kada ya amsa wani laifi, komai ƙanƙantarsa, don kawai a sake shi da wuri, sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba, saboda amsawar tana iya zama sanadin korarsa daga ƙasar. Lambar ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsa da ta wani babba da ya amince da shi, ya haddace su a ka, kada ya bar su a waya kawai, tun da wayar ce abu na farko da ake karɓewa.